Lauyan da ya ce mu biya tara: abin da na gani a wani ofishin ba direbobi shawara a Kaduna

Da kuɗin sallamata daga aikin koyarwa na sayi bas mai ɗaukar fasinja 14, na damƙa ta a hannun ɗan yayana, wanda yake lodi a Kawo yana jigila tsakanin Kaduna da Zariya, wani lokaci har Kano. Da balas ɗin wannan mota nake cefane, da ita kuma shi ma yake riƙe matarsa da 'ya'yansa uku. Saboda haka daren da ya yi sallama gidana bayan isha'i, takarda a hannunsa, babu lasinsa a aljihu, ban ɗauki maganar da wasa ba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda direbobi ke kira 'yan rod sefti, sun tsayar da shi gaba kaɗan da Mararraban Jos, suka nuna masa cewa na'urarsu ta kama shi yana gudun kilomita 104 a awa guda, suka rubuta masa laifi biyu, wato gudun wuce sa'a da rashin na'urar taƙaita gudu mai aiki, sannan suka riƙe lasin.

Ya zauna a bakin tabarma yana rantsuwa. Ya ce, "Gwaggo, wallahi idona na kan maleji, ban kai 100 ba. Ni kotu nake so a je, don an zalunce ni."

A tasha an riga an cika masa kunne. Wani ya ce kotu ta hana jami'an hanya cin tarar kowa, wani ya ce ya yar da takardar ya je ya yi sabon lasin, wani kuma ya ce ya kawo naira 15,000 ya karɓo masa lasin kafin azahar ba tare da an je banki ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, shi ne kuma ya sa na nemi wanda ya san doka. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta yi mini kwatancen wani ofishin lauyoyi a hawa na biyu na wani bene da ke kusa da titin Ahmadu Bello, inda ta ce akwai lauyan da ya saba da shari'o'in direbobi da masu motocin haya. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, amma zan faɗi abin da na samu a cikinsa, mai daɗi da marar daɗi, domin na san masu motoci da yawa suna tsayawa a inda na tsaya a wannan dare.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba, tunda shi muka fara cin karo da shi. An ba mu ƙarfe 10 na safe ta waya, muka isa da saura minti 15, amma lauyan bai shigo ba sai wajen 12, saboda yana kotu, kuma babu wanda ya kira ya sanar da mu. Ɗakin jiran ƙarami ne, benci ɗaya da kujeru biyu, ga fanka ba ta aiki sai an tayar da janareta. Ga direban da kowace awa ta zamansa asarar lodi ce, jiran awa biyu ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan babu inda aka rubuta kuɗin ganin lauya, sai da na tambayi sakatariyar sau biyu kafin ta ce naira 10,000, rasit ma sai da na nema aka rubuta mini. Ofishin da ke koya wa mutane su riƙa neman shaidar duk abin da suka biya bai kamata ya jira a roƙe shi rasit ba.

Da lauyan ya zo, ya ba mu haƙuri, ya karɓi takardar ya shimfiɗa ta a kan tebur, bai ce komai ba sai da ya karanta ta gaba da baya. Ya duba lambar motar ya gwada da takardun da na kawo, ya duba kwanan wata, da lokaci, da wurin da aka rubuta, da sunan jami'in da sa hannunsa, da laifukan da aka yi wa alama. Ya ce daga nan kowane lauya ya kamata ya fara, domin idan akwai kuskure a lambar mota ko a wurin da aka ce abin ya faru, to akwai abin riƙewa a gaban alƙali. Takardarmu ba ta da ko ɗaya. Sannan ya juya ga yaron ya tambaye shi cikin Hausa, murya a ƙasa, "Malam, ka ce ba ka kai 100 ba. To nawa kake yi?" Yaron ya ce 98 ko 97. Lauyan ya ajiye biro ya ce, "Ko alƙali ya yarda da maganarka ya watsar da ta na'ura, ka riga ka amsa laifin da bakinka. Kilomita 100 iyakar ƙaramar mota ce ta gida. Kai bas kake ja."

Na ga yadda fuskar yaron ta sauya. Shekara takwas yana tuƙin haya, kuma duk tsawon wannan lokaci yana ɗauka cewa 100 ce iyaka ga kowa a babbar hanya. Lauyan ya jawo littafin ƙa'idojin hanya ya buɗe mana shafin da ke da jadawalin gudu, ya bi shi da yatsa. A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas duk iyakarsu kilomita 50 ce a awa. A hanyar da ta fita gari iyakarsu 80. A tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Zariya kuwa, a nan suke rabuwa: ƙaramar motar gida 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Ni kaina da nake da motar ban san wannan bambanci ba sai a wannan rana, kuma na tabbata da za a zagaya tashar Kawo ana tambaya, da an sami direbobi da dama da suke kan fahimtar da ɗan yayana yake kai.

Wannan minti biyar ɗin, a ganina, shi ne abin da na biya kuɗinsa. Da lauyan mai neman aiki ne kawai, da ya ƙarfafa wa yaron gwiwa mu tafi kotu, ya karɓi kuɗin tsayawa a kowane zama, mu yi ta zarya ana ɗage shari'a, a ƙarshe mu faɗi. Maimakon haka ya ce mini, "Hajiya, shawarata ku biya. Amma ina so ku biya kuna sane da abin da kuke yi, ba don tsoro ba."

Daga nan ya warware mana matsayin takardar kanta, kuma a nan ya fi daɗewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne a yau da dokarta ta 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na 2012, kuma a jadawalin wannan doka tarar gudun wuce sa'a naira 3,000 ce tare da maki 3 da ake rubuta wa direba. Rashin na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya a watan Fabrairun 2017, ita ma naira 3,000 ce. Ya ce mu lura, takardar da jami'i ya rubuta a bakin hanya ba hukunci ba ce, zargi ce, domin jami'in hanya ba alƙali ba ne. Abin da take ba direba shi ne zaɓi: ko ya biya ya rufe maganar, ko ya ce bai yarda ba a gurfanar da shi. Wanda ya biya ya sarayar da damarsa ta kare kansa a kan wannan laifi, makin kuma ya shiga bayanansa, kuma maki idan ya yi ta taruwa yana iya kai wa ga gargaɗi, ko dakatar da lasin, ko janye shi. Ga mai motar gida wannan ba zai dame shi sosai ba, amma ga wanda lasin ne gonarsa, kowane maki abin lissafi ne. Shi ya sa ya ce bai kamata direban haya ya riƙa biyan tarar laifin da bai aikata ba don kawai kuɗin ba su da yawa.

Na tambaye shi, to wane ne ya kamata ya je kotu? Ya ce wanda yake da gaskiya kuma yake da abin nuna ta. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, saboda haka nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, ba kan direba ba. A shari'ar gudu, hujjar yawanci ita ce abin da na'urar auna gudu ta nuna da kuma shaidar jami'in da ya riƙe ta, kuma lauya yana da damar tambaya ko na'urar lafiyarta ƙalau a ranar, yaushe aka yi mata gwajin ƙarshe, kuma ta yaya aka tabbatar cewa wannan motar ta kama ba wadda ke gefenta ba. Idan aka kawo hoto ko bayanin da aka fitar daga na'ura, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan da sai an cika su kafin kotu ta karɓa. Sai dai ya ja kunnenmu cewa kotu ba wurin gwaji ba ce: wanda ya je ya faɗi zai biya tarar, ya biya lauya, ya yi asarar kwanakin aiki, kuma idan laifin mai nauyi ne kamar tuƙin ganganci, wanda tararsa naira 50,000 ce da maki 10, alƙali yana da ikon ɗauri.

Akwai wani abu da ya faɗa wanda nake fata kowane direba a Arewa ya ji. Wannan sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ya ce ya sha ganin direbobi a kotun tafi-da-gidanka, irin wadda majistare ke zama a bakin hanya a ƙarƙashin rumfa, ana karanta musu tuhuma da Turanci suna gyaɗa kai, a rubuta cewa sun amsa laifi alhali ba su san abin da aka tambaye su ba. Kotun tafi-da-gidanka kotu ce cikakkiya, hukuncinta hukunci ne, amma wanda ke gabanta yana da damar cewa bai fahimta ba a fassara masa, yana da damar cewa bai amsa laifi ba, yana da damar neman a ɗage don ya samo lauya, kuma idan hukuncin bai gamsar da shi ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha cikin wa'adin da doka ta ƙayyade. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma zai iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ya ji ko ya cancanci taimakonta.

Game da jita-jitar tasha, bai ɓata lokaci ba. Ya ce gaskiya ne a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin hana jami'an duba lafiyar motoci na Abuja, wato VIO, tsayar da motoci da kama su da cin tara, amma hukuncin ya shafi wannan hukuma ce, ba ya nufin direba ya ɗaga shi a gaban jami'in kiyaye haɗurra a hanyar Zariya, wadda hanyar gwamnatin tarayya ce. Wanda ya ce a yar da takarda a yi sabon lasin kuwa, ya manta cewa bayanan lasin suna cikin kwamfuta, laifin zai jira shi a can, kuma idan mota aka riƙe ba lasin ba, kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum. Mai cewa a kawo 15,000 kuma, lauyan ya ce ko ya cika alkawari ko bai cika ba, an biya fiye da ninki biyu na tarar ba tare da rasit ba, ga shi yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa, da tarar naira 10,000 da maki 10.

Sai ya juyo kaina a kan laifi na biyu, kuma bai sassauta don ni ce mai biyan kuɗin ba. Ya tambaye ni yaushe na san na'urar taƙaita gudun ta daina aiki. Na ce wata huɗu ke nan da yaron ya gaya mini, na ce a bari sai an sami sarari. Ya ce, "Hajiya, wannan laifin sunan direba aka rubuta, amma naki ne. Da na'urar na aiki, da motar ba ta kai 104 ba balle a yi gardama." Ya ɗauki takarda ya yi mana lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ƙafar direba ma ta isa birki, kuma nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi shi saurin hawa, ta yadda motar da ta tashi daga 90 zuwa 110 tana buƙatar ƙarin kusan rabin nisan kafin ta tsaya. Na tuna yadda hanyar ta yi santsi tun da aka sake gina ta, da yadda yara masu talla da masu babura ke tsallaka ta a Birnin Yero da Jaji, da mutum 14 da ke zaune a bayan ɗan yayana kowace safiya saboda sun amince da motata. Ban sami abin cewa ba, kuma ban ji haushinsa ba.

Yadda ake biyan ma bai bar mu mu lalube ba. Ya sa wani matashin lauya da ke koyon aiki a ofishin ya zauna da mu, ya shiga intanet ya fitar mana da lambar biya ta Remita don kuɗin su shiga asusun gwamnatin tarayya kai tsaye, ya rubuta lambar a bayan kwafin takardar, ya ce kada mu miƙa wa kowa kuɗi a hannu, kuma mu yi kwafin komai kafin mu ba da na asali. Washegari yaron ya biya naira 6,000 da ɗan cajin banki, ya kai shaidar biya ofishin da aka rubuta a takardar, ya zauna ya saurari wa'azin kiyaye hanya da ake yi wa waɗanda aka kama, aka miƙo masa lasinsa kafin la'asar. Duk abin da aka gaya mana a ofishin lauyan haka muka tarar da shi, babu ragi babu ƙari.

Duk da haka akwai gyara, ban da maganar jira da rasit. Bayanin da aka yi mana da baki Hausa ce tsantsa, mai kyau, amma taƙaitacciyar shawarar da aka buga aka ba mu da Turanci take, Turancin lauyoyi kuma, wanda ni da na yi shekara 30 a aji sai da na karanta sau biyu. Yawancin masu hawa wannan bene direbobi ne, kuma shafi ɗaya da Hausa, mai ɗauke da jadawalin gudu da matakan biya da haƙƙin mutum a gaban majistare, zai fi musu amfani, zai kuma yi yawo a tasha ya kai inda lauyan ba zai kai ba. Na kuma tambayi yadda abin yake idan jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, su ne suka rubuta wa mutum takarda a cikin gari. Ya ce dokarsu daban ce, ta jiha, tararsu daban, kuɗin kuma asusun jiha suke shiga, ya yi alkawarin turo mini cikakken bayani ta waya. Sai da na tuna musu sau biyu, bayan mako biyu, kafin ya iso. Hannun ofishin ya yi kaɗan ga yawan mutanen da yake karɓa, kuma a nan ake ganin hakan.

Batun kuɗi shi ne abin da mutum zai auna da kansa. Na biya naira 10,000 don a ba ni shawara a kan tarar naira 6,000, kuma wanda ya kalli lissafin a haka zai ce an yi asara. Idan kai mai motar gida ne, ka san ka yi gudun, takardar ba ta da kuskure, laifi ɗaya ne kuma mai sauƙi, ba ka buƙatar hawa wannan bene. Ka fitar da lambar biyanka ka biya ka karɓi takardunka. Amma idan tuƙi ne sana'arka, ko an haɗa maka laifuka da yawa a takarda ɗaya, ko an rubuta maka tuƙin ganganci, ko an riƙe motar, ko an ba ka ranar bayyana a kotu, ko kuma ka tabbata a ranka ba ka aikata ba, to kuɗin ganin lauya irin wannan ba su kai abin da za ka rasa ba idan ka bi shawarar tasha. Ka tafi da takardar ta asali, da kwafin lasin, da takardun mota, ka kira da safe ka tabbatar yana ofis ba kotu ba, ka tambayi kuɗin kafin ka zauna, kuma ka gaya masa ainihin abin da malejinka ya nuna.

Ni dai zan koma idan buƙata ta taso, na kuma riga na tura wasu masu motoci biyu. A makon da ya biyo baya na ajiye motar yini guda aka gyara na'urar taƙaita gudun, na ɗauke wa yaron balas ɗin wannan rana, na kuma mayar masa da naira 3,000 na laifin da lauyan ya ce nawa ne. Jadawalin gudun kuwa na kwafe shi da hannuna da Hausa a kan kwali, ɗan yayana ya liƙa shi a gefen maleji, ya ce direbobi uku a layinsu sun riga sun ɗauki hotonsa da waya.